Kai, Ke, Ku: Ina Girmamawa Take Zaune a Cikin Magana?

Wata safiya, a makarantar da nake koyarwa a Matamaye, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: «Mushe, wai mutanen Ingila ba su da manya ne?» Aji ya fashe da dariya, amma tambayar ba ta wasa ba ce. Ta fito daga darasin Ingilishi, inda aka gaya mata cewa kalma guda, «you», ita ake faɗa wa uba da sarki da jariri, har da kare. Ni kuwa mako guda na yi ina nanata masu cewa a Faransanci wanda ya ce wa babba «tu» maimakon «vous» ya yi rashin ladabi. Tun da dokar ƙasa ta shekarar 2025 ta ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa, ta aje Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, ƴaƴanmu za su tashi tsakanin waɗannan hanyoyi uku na kiran mutum. Ya kamata mu san abin da kowace ta ƙunsa.

Ingilishin dauri bai rasa wannan bambanci ba. Shekaru dubu da suka wuce yana da wakilin suna na tilo, wanda ya zama «thou», da na jam'i, wanda ya zama «ye», har ma da na mutum biyu kamar yadda Larabci yake da shi. Ita «you» ba kome ba ce face siffar karɓau ta jam'i: ita ce «ku» ɗin da ke cikin «na gan ku». A lokacin, adadi kawai ake dubawa. Mutum ɗaya, ko sarki ne ko bawa, tilo ne.

A shekarar 1066 Normandawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da na shari'a. A ƙarni na 13 sai aka fara ganin Ingilishi yana kwaikwayon «vous»: ana kiran babban mutum ɗaya da jam'i, ana bar wa yaro da bara da masoyi tilo. Daga nan «thou» ta sami fuska biyu, ta ƙauna da ta raini. A shari'ar Sir Walter Raleigh, a shekarar 1603, babban lauyan gwamnati Edward Coke ya jefe shi da ita da gangan, don ya ci mutuncinsa a bainar jama'a. Da kalma ta zama makamin zagi, sai kowa ya riƙa gudunta. A babban birni kamar Landan, inda ba a sanin asalin wanda aka gamu da shi, ya fi sauƙi a girmama wanda bai cancanta ba da a raina wanda ya cancanta. Kafin ƙarshen ƙarni na 17 «thou» ta fita daga maganar yau da kullum ta masu ilimi, ta saura a wasu karin harshe na arewacin ƙasar, da waƙa, da addu'a. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611 ta riƙe ta don bambanta tilo da jam'i, shi ya sa kalmar da aka taɓa kiran bara da ita yau take yi wa Bature kama da harshen ibada.

Ba kowa ya yarda da wannan sauyi ba. Mabiya George Fox, wata ƙungiyar Kirista da ake kira Kwaka, sun ƙi. A shekarar 1660 Fox da abokansa suka buga littafi suna kawo misalai daga harsuna masu yawa, don nuna cewa ɗaya ɗaya ne. A ganinsu, kiran mutum guda da jam'i ƙarya ce da fādanci, tun da dukan ƴan Adam daidai suke a gaban Mahalicci. Suka riƙa ce wa alƙali da uba «thou», wasunsu suka sha duka saboda haka. Masu juyin juya halin Faransa ma sun bi wannan hanya a 1793, suka so kowa ya ce wa kowa «tu», amma abin bai daɗe ba.

Ke nan hanyoyi biyu ne zuwa ga daidaito a baki: ko a sauko da babba zuwa kalmar ƙarami, ko a hau da ƙarami zuwa kalmar babba. Ingilishi ya bi ta biyu, ba tare da wani ya yi doka ba. Sai dai abin ya zo da hasara. Girman da aka raba wa kowa ya daina zama girma, kamar kuɗin da ya yi yawa a kasuwa. Bugu da ƙari, harshen ya rasa yadda zai bambanta mutum ɗaya da taro, har jama'a suka ƙago wasu kalmomi: «y'all» a kudancin Amurka, «youse» a Ayalan, «una» a Turancin buroka na Najeriya, wadda aka aro daga harshen Ibo.

Babbar tambaya ita ce, shin daidaiton kalma ya haifi daidaiton mutane? Tarihi ya ce a'a. Masu wannan «you» ta kowa da kowa su ne suka yi cinikin bayi a teku, su ne suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Kalmar da ubangida ya faɗa wa baransa, baran ya mayar masa da ita, ba ta ƙara wa baran ko anini ba. A ɓangarenmu kuwa, bayan Faransawa sun kama Damagaram a 1899, dattawanmu sun san wata «tu» wadda ba ta ƙauna ba ce: ta kwamanda ce, mai ce wa tsoho mai furfura «tu», yana jiran a amsa masa da «vous». Harshe ɗaya ya shafe bambanci, ɗayan ya riƙe shi, duka biyun sun yi mulkin mallaka.

To, mu fa? Hausa ta bambanta abin da harsunan nan biyu ba su bambanta ba: kai ga namiji, ke ga mace, ku ga jam'i. A wasu gidaje ana ce wa uba ko suruki «ku». Amma mai karatu ya lura da wani abin mamaki. A ƙofar Sarkin Kance ko ta Sarkin Damagaram, «ranka ya daɗe» ake cewa, da tilo. Mai roƙon Allah ma «Kai» yake cewa. Ba wanda ya taɓa jin raini a ciki. Girmamawarmu tana zaune a takalmin da aka tuɓe, da gwiwar da aka durƙusa, da muryar da aka sassauta, da sunan da aka sakaya, kamar yadda uwa take kunyar ambaton ɗan farinta. Muna kuma da wata dabara mai taushi, ta kauce wa nuna mutum gaba ɗaya: «an tashi lafiya?», «a shigo», «a yi haƙuri». A gefe guda, «kai!» da «ke!» in aka jefo su da tsawa sun fi mari zafi. Kalma ɗaya ce, zuciya ce ta bambanta.

Wani zai ce, in haka ne kalma ba ta da muhimmanci. Ban yarda ba, domin na gani da idona. A wani ofis na taɓa ganin saurayi ma'aikaci ya ce wa mai kwat da jaka «vous», ya ba shi kujera, sannan ya juya ga wani tsohon manomi, sa'an kakansa, ya ce «kai, me kake so?», ba gaisuwa, ba «Baba». Ya kiyaye ladabin Faransanci sarai, ya zubar da na Hausa. Tsohon bai ce uffan ba, amma ya fita kansa a sunkuye.

A nan nake ganin ma'aunin yake. Ba kowane bambanci ne zalunci ba. Girman da ake ba shekaru da ilimi girma ne mai zagayawa: yaron da ya durƙusa yau, gobe za a durƙusa masa, kuma babban da ya karɓi gaisuwa ya ɗauki nauyin wanda ya gaishe shi. Girman da ake ba tufafi da aljihu da launin fata kuwa ba ya zagayawa. Manomin nan zai mutu bai taɓa samun kujerar ba. Ƴan Kwaka sun yi gaskiya da suka ƙi fādanci, sun yi kuskure da suka zaci duk ladabi fādanci ne. Mutanen Landan sun yi hikima da suka zaɓi su girmama baƙon da ba su sani ba, ko da tsoro ne ya sa su.

Abin da na amsa wa ɗalibata shi ne: mutanen Ingila suna da manya, sai dai kalmar manyan ce suka raba wa kowa har ta tsufa. Na kuma ce da ita ta koyi «you» da «vous» yadda ya kamata, amma ranar da Allah ya zaunar da ita bayan tebur, tsoho ya shigo da ƙurar gona a ƙafarsa, ta fara da «sannu da zuwa, Baba» kafin ta tambayi takardarsa. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Allah ya sa mu dace.