Niyya Kafin Kujera: Darasin Shugabanci Daga Nana Asma'u

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya ɗora wa kowane bawa amana gwargwadon ƙarfinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan uwana mata. Nasiharmu ta wannan fitowa a kan shugabanci ce. Da yawa daga cikinmu da zarar sun ji wannan kalma sai hankalinsu ya tafi kan gwamna da ciyaman da kansila, su ce to mu da muke cikin gida ina ruwanmu? Amma Manzon Allah (SAW) bai bar kowa a baya ba. A hadisin Abdullahi ɗan Umar (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya kwatanta kowane ɗayanmu da makiyayi wanda za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, kuma ya ware mace ya ambace ta a kan gidan mijinta da 'ya'yansa. Ke nan uwar gida shugaba ce, malamar aji shugaba ce, uwar adashi shugaba ce, balle kuma amirar ƙungiya wadda mata hamsin ko ɗari suke zuba wa ido.

Niyya ce tushe

Imam Bukhari ya buɗe littafinsa ne da hadisin Sayyidina Umar (RA) wanda ke nuna cewa kowane aiki da niyyarsa ake auna shi. Shugabanci ma aiki ne, kuma yana daga cikin ayyukan da niyya ta fi saurin lalacewa a cikinsu, domin kuwa yana zuwa da gaisuwa, da kujerar gaba a wurin taro, da kiran suna a lasifika. Shi ya sa Annabi (SAW) ya hana Abdurrahman ɗan Samura (RA) neman shugabanci, ya sanar da shi cewa wanda ya nema da kansa za a bar shi da kayansa, wanda kuwa aka ɗora wa ba da nemansa ba Allah zai taimake shi. Haka nan da Abu Zarri (RA) ya nemi a ba shi wani muƙami, sai ya faɗa masa gaskiya cewa abin amana ne, kuma nadama ne ranar alƙiyama sai ga wanda ya sauke haƙƙin da ke cikinsa.

To amma, 'yar uwa, niyya ba ta tsaya ga cewa "na yi don Allah" da baki ba. Mai kyakkyawar niyya tana zama ta tambayi kanta: wace matsala nake son Allah Ya kawar ta hannuna? Su wa nake yi wa aiki? In na mutu gobe, wa zai ci gaba? Wadda ba ta da amsar waɗannan tambayoyi, ko ta shekara goma tana amira, abin da za a tuna da ita bai wuce launin anko da yawan walima ba. Don mu ga yadda ake amsa su a aikace, ba sai mun tafi nesa ba, muna da abin koyi a ƙasarmu.

Matsalar da Nana Asma'u ta gani

An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1793, ta rasu a 1864. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙi da yunwa da idonta. Ta yi karatu mai zurfi, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima wanda ya zama Wazirin Sakkwato, kuma yayanta Muhammadu Bello shi ya riƙe daula bayan rasuwar Shehu a 1817. Mace mai irin wannan gata, da ta so, da ta yi zamanta a cikin gida tana karantar da 'ya'yan manya kawai, ba wanda zai zarge ta.

Amma sai ta dubi ƙauyuka. Yaƙe-yaƙe sun bar zawarawa da marayu, an kawo mata da yawa cikin gidajen Musulmi waɗanda ba su san tsarki da salla ba, in ciwo ya kama su ko yaro ya yi zazzaɓi ba su da wurin zuwa sai wurin 'yan bori. Mahaifinta ya riga ya yi kakkausan suka a littafinsa Nurul Albab ga malaman da ke karantar da almajirai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ita kuwa sai ta ɗauki wannan magana ta mayar da ita tsari. A wajejen shekarun 1830 ta kafa abin da aka sani da 'Yan Taru.

Ga yadda abin yake. A kowane ƙauye sai ta zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, ta naɗa ta jaji, wato jagorar tafiya, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji ita ke tattaro mata ta kawo su wurin Nana su ɗauki karatu, su koma gida su koyar da saura. Waɗanda ke yin tafiyar su ne dattawan mata da suka gama haihuwa da 'yan mata da ba su yi aure ba, matan aure masu goyo kuwa suna ɗakinsu, karatun ne ke iske su. Kuma tun da mafi yawansu ba su iya karanta rubutu ba, sai ta tsara darussan cikin waƙoƙi da harshen da suke ji, don mace ta haddace tana daka ko tana kaɗi. A cikinsu akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, da masu bayanin tauhidi da tarihin Annabi (SAW) da salihan mata.

Abubuwa uku da za mu ɗauka

Na farko, ta san mutanenta. Ba ta ce duk mai son ilimi ta bar miji da yara ta zo Sakkwato ba. Ta dubi halin matar ƙauye ta yi tsarin da zai dace da ita. Wannan sunna ce, domin da mata suka koka wa Annabi (SAW) cewa maza sun rinjaye su a wurinsa, ware musu rana ya yi tasu ta kansu.

Na biyu, ta yi gyara da hikima. Malfa da rawani a da kayan Inna ne ta Gobir, shugabar 'yan bori, wadda mata ke jin tsoro suna girmamawa. Nana ba ta tsaya zagin matan da ke bin Inna ba, sai ta ɗauki alamar da suka saba girmamawa ta ɗora a kan malama. Mace in ta hango malfa ta san ga mai magana a ji, amma yanzu abin da za ta ji shi ne farillan alwala.

Na uku, ta raba aikin. Ba ta ce sai ita kaɗai ba, ta yarda da wasu, ta horar da su, ta ba su girma a idon jama'a. Shi ya sa da ta rasu abin bai mutu ba, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shi, ya wuce zamanin Turawa, har Musulmi a Amurka suka kafa ƙungiyar mata da wannan suna. A zamaninmu ma mun ga irin haka: an kafa FOMWAN a Minna a watan Oktoba na 1985, marigayiya Hajiya A'isha Lemu ta zama amirarta ta farko, ta yi wa'adinta ta miƙa wa wasu. Ta rasu a 2019, makarantu da asibitocin ƙungiyar kuwa suna nan suna aiki.

Mu dawo gida

Yanzu mu auna kanmu da wannan ma'auni, mu matan Gozaki da Ƙafur da Malumfashi da Funtuwa. Alhamdu lillahi, Islamiyyun matan aure sun yawaita a cikin gari. Amma ƙauyukan da ke kewaye da mu fa? Akwai matar da ta haifi 'ya'ya shida ba ta gyara Fatiha ba, ba ta san bambancin jinin haila da na ciwo ba, kuma ba wadda ta taɓa taka ƙofar gidanta da sunan karatu. Ga kuma matan da matsalar 'yan bindiga ta raba da garuruwansu a yankunan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, da yawansu zawarawa da marayu a hannu. Halin da Nana ta gani ke nan, ya dawo mana da wata riga.

A irin wannan hali ne za ki tarar ƙungiya ta rabu biyu a kan wa za ta zama amira, ko a kan kuɗin asusu da ba a rubuta ba, ko don an ba matar wane kujera an bar matar wane a tabarma. Subhanallahi! Da wane ido za mu dubi Ubangijinmu?

Ga shawara ga duk wadda Allah Ya ɗora wa jagorancin mata. Ki zauna da 'yan kwamitinki ku zaɓi matsala ɗaya tak da za ku sa a gaba a bana, ku rubuta ta. In gyaran salla ne a ƙauyuka uku, to shi ke nan. Ku nemi dattijuwa mai mutunci a kowane ƙauye ku horar da ita, da izinin mijinta da sanin mai unguwa da liman, domin aikin da aka ɓoye wa maza ba ya nisa. Ku duba lokaci: da damina matan karkara suna fama da abincin 'yan gona, da kaka suna sussuka da casa, saboda haka rani ne lokacin karatu mai yawa.

Kaka kuma ita ce lokacin tunatarwa a kan zakka. Yankinmu Allah Ya albarkace shi da masara da dawa da shinkafa, kuma mata da yawa suna da gonakin gado. Duk wadda hatsinta ya kai nisabi, wato sa'i 300, za ta fitar da kashi ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar da gonar, ko ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban-ruwa aka noma. Amirar da ta koyar da wannan, ta kuma san gidajen marayun unguwarta ɗaya bayan ɗaya, ta fi wadda ta tara mata dubu a filin taro aka watse ba a ƙaru da komai ba.

Kuɗin jama'a kuwa a rubuta shi, ko naira ɗari ce, a karanta wa kowa a taro. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don a toshe ƙofar zargi tsakanin muminai. Sannan ki fara da kanki. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka hadaya da aski saboda baƙin ciki, Ummu Salama (RA) ce ta ba Annabi (SAW) shawarar ya fita ya yi nasa ba tare da ya yi wa kowa magana ba. Da suka gani sai kowa ya tashi. In kina son mata su zo karatu a kan lokaci, su tarar da ke a kan tabarma. In kina son a rage bidi'ar biki da kayan ɗaki na bashi, a fara gani a auren 'yarki. Kuma ki yi haƙuri da magana, domin babba juji ne.

Ku kuma mabiya, kuna da naku haƙƙin. Ku taimaki amirarku da addu'a da nasiha a keɓe, ba da gulma a gidan suna ba. Allah Ya sanar da mu a Suratur Ra'adi, aya ta 11, cewa canjin halin al'umma yana farawa ne daga canjin abin da ke cikin zukatansu.

Ya Allah Ka tsarkake niyyoyinmu, Ka sa mu sauke amanar da Ka ɗora mana, Ka jiƙan Nana Asma'u da duk malamanmu mata, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, Ka shirya mana zuriya.