Takardar karo-karo: sadakar da kunya ta fitar, ta wane ce?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Yake ciyarwa ba a ciyar da Shi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa, akwai wata mas'ala da ta tsaya mini a rai tun hutun damina, na ga ya dace in kawo ta gabanku, domin da yawa daga cikinmu ma'aikata ne, kuma abin da na gani ba zai rasa faruwa a wuraren aikinku ba.

A wannan hutun na jami'a na yi zaman koyon aiki a wani ofis a garinmu Takieta. Da aka kusa komawa makaranta a watan Oktoba, sai wata Hajiya daga cikin ma'aikatan ta kawo shawara a yi karo-karo, a saya wa marayu da ƴaƴan marasa ƙarfi na unguwa littattafan rubutu da takalma, abin da ya rage a ajiye saboda yaron da ciwo zai kama a rasa kuɗin motar kai shi asibiti Damagaram. Kowa ya yi na'am. Aka ɗauko takarda aka ja layi biyu: suna a gefe ɗaya, adadi a ɗaya gefen. Shugaban wurin ne ya fara, ya rubuta jikka 20, wato sefa 20,000. Takarda ta riƙa sauka daga babba zuwa ƙarami.

Da ta iso gare ni, niyyata dala 100 ce, sefa 500, domin ni ba albashi nake ɗauka ba. Na duba abin da na sama da ni suka rubuta, na duba idon wanda ya miƙo mini takardar, sai na ga hannuna ya rubuta jikka 2. Na ƙarshe a jerin shi ne Baba mai gadi, dattijo mai iyali da yawa. Ya ce a rubuta masa jikka 1. Bayan kwana biyu, muna zaune wajen mai shayi, na ji suna maganar bashi ƙasa-ƙasa. Da na tambaye shi, sai ya yi murmushi ya ce: "Ɗana, ai ba a ganin sunan mutum babu komai a gabansa." Ashe jikkar ranto ta ya yi.

An sayi kayan, an raba. Da yamma hoton yaran ya fito a zauren WhatsApp na ma'aikata, kowane yaro riƙe da ledarsa, takardar sunaye kuma tana biye.

Kada wani ya ɗauka ina raina buƙatar. Wanda ya san ƙasar nan ya san abin da yara ke ciki daga lokacin da rumbu ya ƙare zuwa lokacin da sabon gero zai shigo, lokacin da tamowa da zazzaɓin cizon sauro ke haɗuwa a jikin yaro ɗaya. Manyanmu ba su manta da yunwar 2005 ba. A Magariya, sashen yara na asibiti, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana aiki, cika yake yi kowace damina. Takieta mararraba ce, daga nan hanya ke yankewa kudu zuwa Kance da Matamaye, kuma daga wannan yankin ne mafi yawan mutanen nan 92 suka fito, waɗanda ƙishirwa ta kashe a hamada cikin Oktoban 2013 a kan hanyarsu ta zuwa Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne. A watan Maris na 2022 kuma sai da gwamnati ta kwaso ƴan ƙasarmu da ke bara a titunan Dakar, mata da yara a cikinsu da yawa. Wanda ya tara kuɗi saboda yaro a irin wannan ƙasa, ya yi abin da ya kamata. Tambayata ita ce: ta wace hanya?

Na je wajen muƙaddaminmu bayan wazifa, zuciyata cike da hukunci. Na ce: "Sayyadi, wannan ai riya ce tsagwaronta. Ni na yanke ba zan ƙara sa hannu a irin wannan takarda ba." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko yaran sun sami littattafan. Na ce sun samu. Ya ce: "To, kai nawa ka yi niyya, nawa ka bayar?" Na faɗa masa. Ya ce: "Ka zo da ƙarar zukatan mutane da ba ka gani ba, ka bar wadda kake gani. Dala ɗarin nan taka ce da Ubangijinka. Sauran jikka ɗaya da rabin, je ka bincika wa ka ba."

Wannan maganar ce ta sa na koma littafi, kuma ga abin da na fahimta. Idan na yi kuskure, malamai su gyara mini.

Na farko, tara taimako a bainar jama'a ba aibi ba ne, asalinsa ma daga Manzon Allah (SAW) yake. Imam Muslim ya ruwaito daga Jarir ɗan Abdullahi (RTA) cewa wasu mutane daga ƙabilar Mudar sun zo Madina ba takalmi, ba suturar kirki. Fuskar Annabi (SAW) ta sauya saboda halin da ya gan su. Ya sa Bilal ya yi kiran salla, ya yi salla, ya yi huɗuba, ya kwaɗaitar da kowa ya kawo abin da yake da shi, ko da tsagin dabino ne. Wani mutumin Madina ya zo da jakar kuɗi da hannunsa ya kusa kasa ɗauka, mutane suka biyo bayansa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi, fuskar Annabi (SAW) ta yi haske don farin ciki. A nan ne ya yi bayanin ladan wanda ya buɗe wata kyakkyawar hanya wasu suka bi. Haka nan Buhari da Muslim sun ruwaito yabon da ya yi wa Ash'arawa, waɗanda idan abinci ya yi musu ƙaranci sai su tara abin da kowa ke da shi a mayafi guda, su raba daidai. Aya ta 271 ta Suratul Baƙara ma ta yabi sadakar bayyane kafin ta sanar da mu cewa ɓoyewa ta fi alheri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: jikkata ba za ta kai yaro Damagaram ta dawo da shi ba, amma ta mutum ashirin za ta yi.

Amma ku lura da abin da babu shi a waɗannan ruwayoyi. Ba a bi sahu-sahu ana tsayawa a kan kowane mutum ana jiran a ga abin da zai fitar ba. Wanda ya kawo jakar da kansa ya taso. Mayafin Ash'arawa kuwa, da zarar abinci ya shiga cikinsa, ba mai iya cewa wannan mudun na wane ne.

Na biyu, yi wa masu bayarwa mummunan zato ba tsantseni ba ne. Buhari ya ruwaito daga Abu Mas'ud (RTA) cewa lokacin da aka yi umarni da sadaka, sahabbai har dako suke yi don su sami abin bayarwa. Wani ya kawo da yawa, munafukai suka ce riya ce. Wani ya kawo kaɗan, suka ce Allah ba Ya buƙatarsa. A kansu aya ta 79 ta Suratut Tauba ta sauka. Da na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi, domin kalmar da na je da ita wajen muƙaddami ita ce kalmarsu. Ina na san zuciyar wanda ya ba da jikka 20? Kuma Imam Ƙushairi ya kawo a Risalarsa daga Fudailu ɗan Iyad cewa barin aiki saboda mutane shi ma riya ne. Da na daina bayarwa don kada a ce na yi don a gani, da har yanzu mutane nake kallo, yaro kuma ya rasa takalmi saboda ina tsaron sunana na mai ikhlasi.

Na uku, shi ne inda jikkar Baba take. An ruwaito daga Manzon Allah (SAW) cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Imam Gazali, a cikin Ihya'u, inda yake magana a kan roƙo, ya yi bayani cewa abin da mutum ya bayar don jin kunyar idon jama'a, wanda da shi kaɗai ne ba zai bayar ba, bai halatta ga mai karɓa ba, domin babu bambanci tsakanin dukan jiki da bulala da dukan zuciya da kunya. Ba wanda ya yi nufin tilasta wa Baba, amma tsarin takardar ya yi abin da ba a yi nufi ba. A masallaci kafaɗarsa da ta shugabansa a haɗe suke, a wurin aiki kuwa abincinsa yana hannun wanda sunansa ke saman takardar. Hadisi ya tabbata a Buhari cewa mafificiyar sadaka ita ce wadda ta fito daga wadata, kuma mutum ya fara da waɗanda yake ciyarwa. Baba yana da yara a gida, wataƙila sun fi wasu da ke cikin hoton buƙata. Mun karɓa daga bakin wani yaro mun ba wani, muka kira shi alheri.

Na huɗu, haƙƙin yaron da aka ba. Ayoyi na 262 zuwa 264 na Baƙara sun gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, kuma kyakkyawar magana ta fi sadakar da cutarwa ke biye da ita. Mun saba fahimtar gori da baki, amma hoto gori ne da ba ya gajiya. Yaron bai san me ake nufi da shi ba yau, amma zai girma, hoton yana nan a wayoyin mutane, mahaifiyarsa kuma tana shiga kasuwa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne darasin da yake ɗauka: cewa idan ka nuna talaucinka sai a ba ka. Wannan tunanin ne ke sa a ɗauki yaro a ƙetare hamada da shi, domin fuskarsa ta fi ta babba jawo tausayi. Bai dace mu da muke kukan wannan musiba mu koya wa yaro harafinta na farko ba. Sayyadi Aliyu Zainul Abidin (RTA) buhun gari yake ɗauka a bayansa da dare yana kai wa gidajen talakawan Madina, ba su san shi ne ba sai da ya rasu abincin ya yanke, masu wanka kuma suka ga tabon a bayansa.

Saboda haka abin da na tsaya a kai shi ne: a bayyana kiran, a bayyana lissafin, a rufe hannun mai bayarwa, a rufe fuskar mai karɓa. A yi shela kowa ya ji. A ajiye akwati rufaffe inda mutum zai sa abinsa ba ido a kansa. Mutum biyu ko uku amintattu su buɗe tare, su faɗi jimilla, su nuna takardun sayayya, domin amana ba ta son duhu. Wanda ya ga bayyana tasa za ta zaburar da wasu, kamar mai jakar nan, ya yi da zaɓinsa. Kayan kuma a kai wa uwa ko mariƙi a gida, su ba yaro da hannunsu.

Da na kai wa Hajiya wannan shawara, ta ce: "Ƙanena, in ka cire sunaye, rabin kuɗin nan ba zai shigo ba. Ka je ka gaya wa yaran da za su rasa." Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba ni da tabbacin cewa ba ta da gaskiya. Mai yiwuwa kuɗin ya ragu. Abin da zan iya cewa shi ne: kason da zai ragu shi ne wanda tun farko ba mu da haƙƙin karɓa, kuma giɓin da zai bari aikinmu ne mu cike shi ta halal, ta hanyar yawaita bayarwa maimakon jiran rana ɗaya a shekara. A cikin wasiƙun Shehu Tijjani (RTA) da Sayyadi Aliyu Harazimi ya tattara a Jawahirul Ma'ani akwai kwaɗaitar da almajirai yin sadaka kullum, komai ƙanƙantarta. Dala 5 kullum, sefa 25, ta haura jikka 9 a shekara. Ba mai rance saboda ita, ba mai jin kunyarta, ba kuma mai alfahari da ita. Hajiya ta ce za a gwada akwatin a karo-karon kayan Salla, amma idan abin ya gaza za ta nemi bayani daga gare ni. Na karɓa.

Ya ɗan'uwa, idan takarda ta iso gabanka gobe, kada ka mayar da ita ba komai da sunan tsoron riya, kada kuma ka rubuta abin da idon mutane ya yanka maka. Ka ba da abin da za ka bayar da ba kowa a ɗakin sai kai da Wanda Yake ganinka. Idan kai ne ke riƙe da takardar, ka tuna da na ƙarshe a jerin. Muna zama safe da yamma muna istigfari, muna ambaton cewa babu abin bauta sai Allah. A irin wannan wuri ne ake gane ko zikirin ya sauka daga harshe zuwa zuciya. Ni dai an gwada ni da jikka ɗaya da rabi, ban ci ba.

Allah Ya tsarkake niyyoyinmu, Ya karɓi ɗan abin da muka bayar, Ya yafe mana abin da muka gauraya a cikinsa. Allah Ya raya marayu da ƴaƴan talakawa, Ya suturta su, Ya sa mu cikin maƙwabtan Manzon Allah (SAW) a Aljanna albarkacin kula da su. Amin.