Sunan da ke Jikin Tanki

A zauren gidanmu akwai wani babur ƙirar Honda CG125 da ya girme ni. Baba ya saye shi da rancen ma'aikata a farkon shekarun 1980, lokacin yana malamin gona, kuma da shi ya riƙa ratsa ƙauyuka damina da rani har ya yi ritaya. Da ya rasu ba a sa shi cikin rabon gado ba, don babu wanda ya ga kuɗi a jikinsa. Aka bar mini shi saboda ni ne mai jimirin zama da sufana. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kwance shi ina ɗaurawa a zauren, a kan wata tsohuwar tabarma da baƙin mai ya rine.

Irin wannan babur an yi shi ne don mutane irinmu. Kamfanin Honda ya fito da shi a 1975, bayan ya lura cewa a ƙasashe masu tasowa mutane suna lafta wa babur kaya, ba sa kuma canza baƙin mai a kan kari. Sai suka yi inji mai sauƙi, wanda ƙananan sanduna ke tura bawul ɗinsa, mai haƙuri da sakaci. Haƙurin nan ne ya sa kamfanonin Sin da dama suka kwaikwayi ƙirarsa, har ta kai kayan injinsu na shiga cikin na Honda kamar don shi aka yi su. Abin da ya ba babur ɗin Baba tsawon rai ke nan, kuma shi ne ya jefa ni cikin tunanin da nake son mu yi tare.

Bari in lissafa abin da na tuna. Fistin da ringi na canza su sau biyu. Kafireta ta asali ta cinye, na sa ta Sin. Wutarsa ta da mai bolt 6 ce, fitilar kamar aci-balbal, na mayar da ita mai bolt 12. Sarƙa da tayoyi da igiyar kuloci ba a ma maganarsu. Kan injin na samo shi a Ƙofar Ruwa, daga jikin wani babur da ban san tarihinsa ba. Salansa sabuwa ce, kujera an sake mata soso da fata. Abin da ya rage tun na Baba bai wuce firam ba, shi ma da walda a wuri biyu, sai murfin injin na gefe, sai tanki mai ɗauke da sunan Honda.

Girkawan da suna da irin wannan labari. Marubucin nan Fulutak ya kawo cewa mutanen Atina sun adana jirgin ruwan gwarzonsu Tisiyas, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka shiga gardama: jirgin nan shi ne na Tisiyas ko wani ne daban? A ƙarni na 17 wani Bature ɗan Ingila, Thomas Hobbes, ya ƙara wa miyar gishiri. Ya ce to, idan wani ya tsince tsofaffin katakan ya harhaɗa su, wanne ne na gaskiya a cikin jiragen biyu? Ranar da na fara karanta wannan sai da na yi dariya, don ni ma ina da buhu guda a bayan ƙofa cike da tsofaffin ƙarafan Baba da na kasa zubarwa.

Na daɗe da yanke wa kaina hukunci a kan gardamar. Babur ɗin na Baba ne. Ba a taɓa wayar gari aka tarar da wani babur a madadinsa ba. Kowane sabon ƙarfe ya zo ne ya tarar da sauran, ya zauna cikinsu, kamar yadda ake yi wa gidan ƙasa yaɓe kowace shekara amma ba a fasa kiransa gidan kaka. Da wannan amsa na zauna lafiya, har ranar da aka zo maganar sayarwa.

Bara rufin ɗakin Inna ya fara yoyo, ga kuɗin makarantar ƙanwarmu. Yaya ya ce a sayar da babur. Ban yi musu ba, don a gaskiya ba nawa ba ne ni kaɗai. Dillali ya kawo wani dattijo, da ganinsa ka ga wanda ya taɓa hawan irinsa yana saurayi. Ya shafa tankin, ya ce shi abin da yake nema ke nan, ɗan Japan na asali, ba irin na yanzu ba. Ya taya da kuɗin da ya fi abin da muka zata. Na buga kik sau ɗaya, babur ya tashi, yana ƙara a natse. Dattijo ya gyaɗa kai ya ce, "Ka ji muryar ƙarfen da."

Muryar kafiretar Sin yake ji, da fistin ɗin da bai fi shekara uku ba.

Na yi shiru, kuma a cikin shirun nan na kama kaina ina wani abu da har yanzu nake jin kunyarsa. Jirgin Tisiyas na ɗauko ina kare kaina da shi. Ai babur ɗin shi ne dai wanda Baba ya saya, ai lambar firam ta yi daidai da takarda, ai ban faɗi ƙarya ba, shi ya faɗi abinsa. Kowace ɗaya daga cikin maganganun nan gaskiya ce. Amma tambayar da na amsa wa kaina daban take da wadda dattijon yake biyan kuɗi a kanta. In na ce "babur ɗin Baba", zancen zumunci nake yi, da hannun da ya riƙe shi, da zauren da ya kwana a ciki. Shi kuwa in ya ce "ɗan Japan", zancen ƙarfe yake yi: wa ya narka shi, shekara nawa zai ƙara yi. Abu guda muke kallo, amma ba abu guda yake saye da wanda nake tunawa ba. Sunan da ke jikin tankin yana yi masa wani alkawari a madadina, ni kuma ni kaɗai na san alkawarin ba zai cika ba.

Akwai masu cewa kasuwa ido ce, mai saye ya buɗe idonsa. Wannan ya yi daidai a kan abin da ido ke iya gani. Da tsatsa ce ko tsagewar kujera, sai in ce laifinsa ne da bai duba ba. Cikin inji kuwa ba wanda zai gani sai ya kwance shi, kuma ni ne na ɗaure shi da hannuna.

Na ja Yaya gefe na gaya masa zan faɗa. Amsar da ya ba ni ba ta mai son zuciya ba ce, shi ya sa ta yi mini nauyi. Ya ce, "Gaskiyarka kyakkyawa ce, amma da kuɗin wa za ka saye ta? Rufin Inna ne zai biya, ba aljihunka ba." Na rasa ta cewa. Mutum yana iya yin kyauta da haƙƙinsa, amma yin tsarki da rabon wasu wani abu ne daban, kuma na san mutanen da suke jin daɗin a ce musu masu gaskiya alhali iyalinsu ne ke ɗaukar asarar.

Sai dai da na auna, na ga kuɗin da za su ragu ba namu ba ne tun farko. Ƙarin da dattijon ya yi, ya yi shi ne a kan ƙarfen da babu shi. Ba za a ce na rage wa Inna rabonta ba don na hana ta abin da ke aljihun wani. Abin da ke wuyana shi ne in cike gibin in zan iya, tunda ni na nace. Na ce, "Yaya, in ya rage, zan ciko daga albashina, ko da wata uku ne." Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Na jawo buhun nan daga bayan ƙofa na zazzage a gaban dattijon. Na nuna masa tsohuwar kafireta da fistin ɗin farko da ya yi baƙi, na faɗa masa abin da ke cikin injin ɗaya bayan ɗaya. Dillali ya harare ni kamar na taka masa ƙafa. Dattijon ya tsuguna ya daɗe yana jujjuya kafiretar a hannunsa. Daga nan ya zabge kusan kashi ɗaya cikin uku na tayinsa, ya ce kuma sai in an haɗa masa da buhun.

Yaya ya sallama babur ɗin. Buhun ne na tsaya a kansa, muka yi ta ja-in-ja har aka kira la'asar. A ƙarshe ya tafi da shi, ya bar mini fistin ɗin farko, wanda ya ce ba zai ƙara moruwa ba. Har yanzu ina biyan cikon, saura wata ɗaya.