Bayan An Ɗinke Ƙirji, Amanar Tana Wuyan Wa?

Duk lokacin da aka ce an yi wa wani tiyatar zuciya kuma ya farfaɗo, mukan yi hamdala mu rufe babin. Hoton majinyaci yana murmushi a gadon asibiti ya zaga WhatsApp, masu haɗa gudummawa su yi godiya, kowa ya kama gabansa. Ba kasafai muke tambayar yadda mutumin nan yake bayan shekara uku ko goma ba. Su ma asibitoci, ma'aunin da aka fi auna nasarar tiyata da shi shi ne yawan waɗanda suka rayu kwana 30 bayan aiki. Ma'auni ne mai amfani, amma wanda aka buɗe wa ƙirji yana ɗan shekara ashirin, rayuwar shekara hamsin yake fata.

Mu da ke sana'ar rubuta manhaja mun san wannan tarkon. Ranar ƙaddamar da manhaja ake biki, ake ɗaukar hoto. Amma kowane ma'aikaci a wannan fanni ya san mafi yawan kuɗi da wahala suna zuwa ne daga baya, wajen gyara da sabuntawa. Manhajar da aka ƙaddamar ba tare da tanadin mai kula da ita ba, sannu a hankali take lalacewa har a daina amfani da ita. Bambancin shi ne ita manhaja ana iya gogewa a sake wata, mutum kuwa da zuciya ɗaya aka halicce shi.

Mu ɗauki ciwon da ya fi kai matasan Afirka ɗakin tiyatar zuciya. Yakan fara ne da ciwon maƙogwaro a ƙuruciya, wanda ƙwayar cuta ke haddasawa. Idan ba a yi maganinsa ba, garkuwar jikin wasu yaran takan juya ta afka wa ƙofofin zuciya, waɗanda likitoci ke kira bawul, har su ƙanƙance ko su riƙa yoyo. Tun 1960, lokacin da likita Albert Starr da injiniya Lowell Edwards suka yi nasarar dasa bawul na roba da ƙarfe a Amurka, ake iya musanya wanda ya lalace. A Najeriya ma an fara tiyatar buɗe zuciya a Inugu tun 1974.

Sai dai sabon bawul yana zuwa da sharaɗi. Na ƙarfe yana iya daɗewa har ƙarshen rayuwa, amma jini yana son daskarewa a jikinsa, don haka dole mai shi ya sha maganin tsinka jini mai suna wafarin kullum, har abada. Idan maganin ya yi kaɗan, gudan jini na iya toshe bawul ɗin ko ya haura ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Idan ya yi yawa, jini na iya ɓallewa. Shi ya sa ake gwajin jini na INR a kai a kai, sau da yawa duk wata. Hatta sauyin yawan ganyen da ake ci, irin su alayyafo, ko shan wani maganin daban, yana iya karkatar da lissafin. Shi kuwa bawul ɗin da ake yi da naman dabba, yawanci ba ya buƙatar wafarin na dindindin, amma yakan gaji cikin shekara 10 zuwa 15, kuma ya fi saurin lalacewa a jikin matasa. Ke nan wata tiyatar tana jiran mutum a gaba.

A yi tunanin budurwa 'yar shekara goma sha tara da aka ajiye wa wannan zaɓi. Wafarin yana iya cutar da ɗan tayi, barinsa kuma lokacin goyon ciki haɗari ne ga uwa. Idan ta zaɓi na ƙarfe, haihuwa ta zama abin da sai da kulawar ƙwararru. Idan ta zaɓi ɗayan, wa zai biya tiyata ta biyu? Amsar da ta dace da ita ta rataya ne a kan nisan garinsu da ɗakin gwajin jini, da abin da ke aljihun iyayenta, da irin mijin da za ta aura. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da wuƙar likita ke gyarawa.

Akwai alƙaluma a kan wannan. Binciken REMEDY ya bi masu wannan ciwo 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kashi biyu cikin uku mata ne. Cikin masu shan maganin tsinka jini da aka gwada, waɗanda jininsu ke daidai inda ake so ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Haka kuma a Sudan, cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Khartoum a 2007 ta yi wa dubban mutane tiyata kyauta, ta kuma tanadi sashen bibiyar jininsu. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, jama'a suka watse, hanyoyi suka rufe, alhali bawul ɗin da ke ƙirjinsu yana nan yana neman ƙwayarsa ta kullum.

To, wanda ya taimaka aka yi tiyata, shin ya sauke nauyi, ko kuwa ya ɗauki sabo? Wani zai ce alheri ba bashi ba ne. Mutum ya ba da abin da ya iya, in aka ce sai ya ɗauki nauyin shekara talatin, to ba wanda zai ƙara miƙa hannu, majinyaci kuma ya mutu tun yau. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba mai hankalin da zai ce gara a fasa tiyata saboda ba a da tabbacin gobe. Shekara biyar da aka ƙara wa uba ya ga 'ya'yansa sun tasa ba abin rainawa ba ce.

Duk da haka, akwai bambanci tsakanin ba mayunwaci abinci da dasa wa mutum bawul. Wanda ya ci abinci ya koma yadda yake. Wanda aka dasa wa bawul ya shiga wata sabuwar dogara da ba ya cikinta a da, kuma mu muka shigar da shi, da kyakkyawar niyya. A ganinmu wannan amana ce. Ba ta hau wuyan mai gudummawa shi kaɗai ba, ta rabu tsakanin likitan da ya kamata ya faɗi gaskiyar abin da ke gaba da harshen da majinyaci ke ji, da dangin da za su riƙa tuna masa magani, da hukumar da ya kamata ta kawo gwajin INR kusa da jama'a, da shi kansa majinyacin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma idan kowa ya zaci wani ne zai ɗauka, jinkar tana nan a ƙasa.

Abin da wannan ke nema daga gare mu ba gagara-badau ba ne. Idan za mu haɗa kuɗin tiyata, mu tambayi likita kuɗin magani da gwaji da sufuri na shekaru biyun farko, mu sa su cikin lissafi tun daga farko. Idan muna rubuta manhajar asibiti, mu yi wadda za ta nuna sunan wanda bai zo gwaji ba, a kira shi a waya. Idan yaro ya yi kukan maƙogwaro da zazzaɓi, a kai shi asibiti, domin maganin penisilin na 'yan kwanaki yana iya hana duk wannan doguwar tafiya. Sannan mu koyi komawa gaisuwa bayan shekara, lokacin da masu dubiya suka ɗauke ƙafa, mu tambaya ko ƙwayar wannan watan ta samu.