Sunan da Dutse Ya Kasa Riƙewa

A harabar majami'ar ƙauyen Bewcastle, a arewacin Ingila, akwai gicciye na dutse da aka kafa wajen shekara ta 700. Kansa ya ɓace, duk da haka tsayinsa ya fi mita 4. An sassaƙa sunaye a jikinsa, amma ruwa da iska sun cinye rubutun, har masana suna gardama a kan wanda aka kafa shi dominsa. Siffar Almasihu kuwa tana nan a fili.

Ɗan'uwa, ba laifi ba ne ka so a tuna da kai. Amma tun da dutse ma ya kasa riƙe suna, kada ka sayar da gaskiyarka don neman suna. Allah ba ya manta da nasa.