Shafewa Ko Horo?

Karatu: 1 Sama'ila 16:14-23

Akwai tambayar da matasanmu masu koyon jitar lantarki suke yawan yi: idan Ruhu Mai Tsarki ne mai ba da baiwa, me ya sa sai na sha wahalar koyo? Ba rashin bangaskiya ba ne in dogara ga horo?

Mu dubi jitar kanta. Tsirkiyarta shida ce, ta ƙarfe. A ƙarƙashinsu akwai maganaɗisu da ke ɗaukar girgizarsu ya mayar da ita lantarki, amfilifaya kuma ta ƙara mata ƙarfi. In ba a jona waya ba, ko na kusa da kai da ƙyar zai ji. Haka hidimarmu take in ba ikon Allah.

Amma a lura, amfilifaya ba ta gyara kuskure. Abin da yatsa ya taɓa, shi za ta kai har ƙarshen majami'a. Wanda bai daidaita tsirkiyarsa ba ya hau gaba, jama'ar da suka zo sujada su ne za su biya kuɗin ƙyuyarsa, domin hankalinsu zai bar yabo ya koma kan ƙara.

Da aka nemo wa sarki Saul makaɗi, an shaidi Dawuda da abubuwa da dama, ciki har da waɗannan biyu: gwani ne, kuma Ubangiji yana tare da shi. Ba a raba su ba. A 1 Tarihi 25 an ƙidaya horarrun mawaƙan Ubangiji har 288. Rosetta Tharpe, wadda aka haifa a Amurka a 1915, ta tashi a ikkilisiyar Fentikos, tun tana ƙaramar yarinya take kaɗa jita, kafin duniya ta san ta da waƙoƙin bishara a kan jitar lantarki.

Saboda haka horo ba kishiyar shafewa ba ne, hadaya ce. Zafin da yatsu ke ji a makonnin farko kafin su yi kanta, Allah yana gani. Haɗarin yana zuwa ne ranar da hannu ya faɗa, aka fara tafa maka. Ɗan'uwa, tambayi zuciyarka: in an ce ka rage ƙarar jitarka don a ji muryar jama'a, za ka yarda da farin ciki?

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni naciya a ɓoye da tawali'u a fili, cikin sunan Yesu. Amin.