WASAN YARA A MA'AUNIN SUNNA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa matasa, yawancinku yayye ne a gida, gobe kuma ku ne iyaye. Sau nawa ɗayanku ya ga ƙanensa yana tuwon ƙasa tare da 'yan mata, ya kai masa ranƙwashi, ya ce da shi ɗan daudu? Sau nawa aka kori yarinya daga inda ake ƙera motar kara, wai wannan na maza ne? To, ina dalili? Mu ba mu karɓar hukunci sai da aya ko hadisi.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'ishatu, Allah Ya yarda da ita, tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi (S.A.W.). In ya shigo ƙawayenta sukan ɓuya, shi kuwa sai ya turo mata su. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a cikin kayan wasanta har da doki mai fukafukai biyu. Da ya tambaye ta, ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, sai ya yi dariya. Doki fa, a hannun yarinya, bai ƙwace ba!

Shi kuma namiji, wa ya ce jin ƙai da aikin gida suna rage shi? Manzon Allah ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umamatu. Yakan ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa, ya taya iyalinsa aiki. Akwai wanda ya fi shi mazantaka?

Kada a juya mini magana. Shari'a ta hana namiji kamanta kansa da mace a tufafi da ɗabi'a, haka ita ma mace, wannan yana nan daram. Amma riƙe tsintsiya ko muciya ba ya cikin wannan. Abin tsoro shi ne bindigar roba da muke saya wa yaro ran Salla yana auna ɗan'uwansa, da tallan da ya raba yarinya da wasa da makaranta, da wayar hannu da muke miƙa musu ba mai duba abin da suke kallo.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ka doka yau don ya goya ƙanwarsa, shi ne mijin da gobe matarsa za ta kwanta ciwo, ya kasa ko dafa mata ruwan zafi. Kowanenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu a kan Sunna, amin.